Tashi Da Faɗuwar Wani Gidan Yoga Na Unguwa: Abin Lura Ga Masu Zuba Jari A Harkar Motsa Jiki

BELEL, Jihar Adamawa. A shekarar 1987 wata matashiya haifaffiyar ƙasar Isra'ila mai suna Maty Ezraty, wadda ba ta cika shekara 25 ba, ta haɗa gwiwa da wasu malamai biyu, Alan Finger da Chuck Miller, suka kafa wani ƙaramin gidan koyar da yoga a kan titin Montana da ke garin Santa Monica na Jihar Kalifoniya a Amurka. Suka raɗa masa suna YogaWorks. Bayan shekara 30 gidan ya zama kamfani mai rassa 50, har ana cinikin hannun jarinsa a kasuwar Nasdaq. Bayan wasu shekaru uku kuma ya rufe dukkan rassansa, ya kai kansa gaban kotu ya bayyana cewa ya kasa biyan basussukan da ake bin sa.

Wannan labari, ko da yake a nesa ya faru, ya shafi duk wani ɗan kasuwa da ke tunanin sa kuɗinsa a gidan motsa jiki, ko a babban gari irin Mubi, ko a ƙaramin garin kan iyaka irin Belel da ke Ƙaramar Hukumar Maiha, daura da ƙasar Kamaru. Dalili kuwa shi ne, sana'ar tana da sauƙin shiga, amma ribarta na da iyaka, kuma ainihin jarinta, wato malami da yardar maƙwabta, ba abu ne da ake saye a loda a mota a kai wani gari ba.

ASALIN SANA'AR

Ita dai yoga daɗaɗɗiyar hanya ce ta horar da jiki da zuciya wadda ta samo asali daga ƙasar Indiya, ta kuma haɗa miƙe gaɓɓai da tsayuwa ko zama a wani yanayi na ɗan lokaci, da daidaita numfashi, da natsuwa. A da can almajiri ne ke bin malami ɗaya shekara da shekaru, kuma abin ya fi karkata ga ibadar addinan Indiyawa. Mayar da ita aji, inda mutane da yawa za su taru a ɗaki guda a wani ƙayyadadden lokaci, al'amari ne na ƙarni na 20.

Babban jigo a wannan sauyi shi ne Tirumalai Krishnamacharya, wanda ya rayu daga 1888 zuwa 1989. A 1933 Sarkin Mysore, Krishna Raja Wadiyar na Huɗu, ya ba shi wuri a fadar Jaganmohan ya buɗe makaranta, fada ce kuma ke ɗaukar nauyinta. Da Indiya ta sami mulkin kai a 1947 ikon sarakuna ya ragu, tallafin ya yanke, aka rufe makarantar a 1950, malamin ya koma birnin Madras yana koyar da ɗaiɗaikun mutane don ya ci da iyalinsa. Daga nan ne sana'ar ta fara dogara ga kuɗin ɗalibai.

Ɗaya daga cikin almajiransa, K. Pattabhi Jois, ya buɗe nasa wurin a cikin gidansa da ke unguwar Lakshmipuram ta Mysore a 1948. Ɗakin da ya gina daga baya ba ya ɗaukar fiye da mutum 12 a lokaci guda, amma a cikinsa ya shafe shekaru da dama yana koyarwa, har Turawa suka fara zuwa tun daga 1964. Sai a 2002 ya koma babban gini a unguwar Gokulam, inda zuwan baƙi daga ƙasashen waje ya raya gidajen haya da wuraren cin abinci da shagunan unguwar. Wani almajirin, B.K.S. Iyengar, ya tafi birnin Pune a 1937, amma bai mallaki ginin cibiyarsa ba sai 1975. Ita kuwa Indra Devi, wadda aka haifa a birnin Riga, ta buɗe aji a unguwar Hollywood a ƙarshen shekarun 1940, taurarin sinima suka zama ɗalibanta. Duk waɗannan wurare sun yi tarayya a kan abu guda: malami ɗaya, ɗaki ɗaya, salo ɗaya, kuma sannu a hankali suka girma.

ABIN DA YA SA YOGAWORKS YA KARƁU

Sabon abin da gidan titin Montana ya zo da shi tsarin kasuwanci ne. Maimakon malami ɗaya da salonsa, sai aka tara malamai daban-daban a ƙarƙashin rufi guda, aka jera azuzuwa tun daga asuba har dare, aka kuma raba su matakai, na sabon shiga daban, na wanda ya ƙware daban. Ma'aikacin ofis ya sami ajin da zai shiga kafin ya tafi aiki, uwar 'ya'ya ta sami nata bayan ta kai yara makaranta. Ta haka ɗakin da ake biya wa haya ya riƙa kawo kuɗi a yawancin sa'o'in yini. Daga 1990 kuma gidan ya fara horar da sababbin malamai da kansa, wanda hakan ya ba shi ma'aikatan da ya yarda da su, ya kuma buɗe masa wata ƙofar samun kuɗi.

Sa'a kuma ta zo daidai da lokaci, domin kasuwar tana kan bunƙasa. Wani bincike da mujallar Yoga Journal da ƙungiyar Yoga Alliance suka ɗauki nauyinsa ya nuna cewa masu yin yoga a Amurka sun tashi daga mutum miliyan 20.4 a 2012 zuwa miliyan 36.7 a 2016, kashi 72 cikin ɗari daga cikinsu mata ne, kuma abin da suke kashewa a shekara a kan azuzuwa da tufafi da kayan aiki ya kai dala biliyan 16.8. Har ila yau, a watan Disamba na 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Yuni ta kowace shekara a matsayin Ranar Yoga ta Duniya, wadda ofishin jakadancin Indiya a Abuja ke shirya bikinta.

SHIGOWAR MANYAN MASU JARI

A 2003 waɗanda suka kafa gidan suka sayar da shi ga George Lichter da Rob Wrubel, tsofaffin shugabannin wani kamfanin intanet mai suna Ask Jeeves. Dabarar sababbin masu shi ita ce sayen ƙananan gidajen yoga da suka riga suka yi suna a unguwanninsu, a Los Anjalas da Niyok da sauran birane, a sauya musu allon suna, a haɗa lissafinsu wuri guda. A 2014 kamfanin zuba jari na Great Hill Partners ya saye shi baki ɗaya a kan kimanin dala miliyan 45.

Da kamfanin ya yi niyyar sayar da hannun jari ga jama'a a 2017, doka ta tilasta masa buɗe littattafansa. Sai aka ga cewa a 2016 ya yi cinikin kusan dala miliyan 55, an shiga azuzuwansa kusan sau miliyan uku, amma duk da haka ya tafka hasarar dala miliyan 9.5. Da farko an tsara sayar da kowane hannun jari tsakanin dala 12 zuwa 14. Masu saye suka yi baya-baya, aka ɗage cinikin a watan Yuli, aka dawo a watan Agusta da farashin dala 5.50, aka tara kimanin dala miliyan 40. Da kuɗin aka ci gaba da sayen wasu gidajen har rassan suka haura 60, sai dai hasarar ƙaruwa ta yi ta yi. Darajar hannun jarin ta faɗi ƙasa da dala ɗaya, kamfanin ya fice daga kasuwar Nasdaq a 2019, shekarar da Maty Ezraty ta rasu a birnin Tokyo. A wannan shekara ce kuma malaman rassan Niyok suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago saboda ƙorafin albashi da rashin tabbacin aiki.

Annobar korona ta 2020 ta tarar da kamfanin a raunane. Aka hana taruwar jama'a, kuɗin shiga ya tsaya, kuɗin haya bai tsaya ba. A watan Oktoba na 2020 YogaWorks ya sanar da rufe dukkan rassansa, ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi. Daga bisani kamfanin GoDigital Media Group ya sayi sunan da darussan intanet da sashen horar da malamai a kan dala miliyan 9.6, wato kimanin kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka biya shekaru shida kafin nan.

LISSAFIN DA KE ƘARƘASHIN SANA'AR

Annoba ce ta ƙarasa kamfanin, amma ciwon ya girme ta, kuma lissafi kaɗan ya isa ya nuna shi. Alal misali, a ɗauka ɗaki yana cin shimfiɗa 20, ana yin aji huɗu a rana, kwana shida a mako. Gurbi 480 ke nan a mako, kuma komai farin jinin wurin ba zai wuce haka ba sai an ƙara ɗaki, ƙarin ɗaki kuwa ƙarin haya ne. Haka kuma ko mutum biyar suka zo ko 20, kuɗin haya da ladan malami da kuɗin wuta ba sa canzawa. Abin ya yi kama da motar haya da ta tashi daga Mubi zuwa Yola da rabin fasinja: man da za ta sha ɗaya ne, kujerar da ta tafi babu kowa kuma ba a ajiye ta a sayar gobe. Daɗin daɗawa, jama'a sun fi son safiya da yamma, saboda haka tsakar rana ɗakin yakan zauna wayam.

Abu na biyu shi ne, girman kamfani a wannan sana'a ba ya rage tsada kamar yadda yake yi a masana'anta. Mai injin casar shinkafa in ya ninka aikinsa, abin da yake kashewa a kan kowane buhu raguwa yake yi. Mai gidan yoga in ya buɗe reshe na 50, sabuwar haya ce da sababbin malamai, ga kuma nauyin babban ofis da manajoji da lauyoyi da akantoci, waɗanda gidan unguwa bai san da su ba, domin a can mai wurin shi ne malami, shi ne mai karɓar kuɗi, wani lokaci shi ne mai shara.

Abu na uku, babu katangar da ke hana wani shigowa. A 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta yanke hukunci cewa Bikram Choudhury, wanda ya shahara da yoga a ɗaki mai zafi, ba shi da haƙƙin mallakar jerin motsi 26 da yake koyarwa. Kowa na iya koya, kowa na iya koyarwa. Ƙungiyar Yoga Alliance, wadda aka kafa a 1999, ta sa horon sa'a 200 a matsayin mafi ƙarancin abin da sabon malami zai yi, gidaje kuma suka ga cewa wannan horo, da akan biya masa dala dubu biyu zuwa uku ko fiye, ya fi azuzuwan yau da kullum riba. Suka yi ta yaye malamai, malaman suka yi ta buɗe nasu wuraren a maƙwabta. Daga baya manhajoji irin su ClassPass suka saba wa mutane da yawo daga wannan gida zuwa wancan a kan farashi mai rahusa, darussan kyauta kuma suka cika YouTube.

Abu na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne ɗalibi malami yake bi. In malamin da aka saba da shi ya tashi, rabin ajinsa na iya bin sa, allon suna ya rage a bango. Wanda ya sayi gidan yoga ya sayi haya da shimfiɗu da rajistar sunaye, amma bai sayi zumuncin da ke tsakanin malami da mutanen unguwa ba.

Su kuwa waɗanda suka kwashi riba mai kauri a wannan harka, yawancinsu ba su taɓa koyar da aji ba. Tabarmar roba da ake amfani da ita yanzu ta faro ne a 1982, lokacin da wata malama 'yar Ingila, Angela Farmer, ta fara amfani da robar da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kafet wadda ta samo a Jamus, mahaifinta kuma ya mai da ita haja. Kamfanin tufafin Lululemon, wanda aka kafa a birnin Vancouver na Kanada a 1998 don ɗinka wandunan yoga, ya yi cinikin da ya haura dala biliyan 9 a 2023. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

YADDA ABIN YA SHAFI GIDA

A Nijeriya ma masu jari sun fara leƙo harkar motsa jiki. Kamfanin i-Fitness, wanda Foluso Ogunwale ya kafa a Legas a 2015, ya bazu zuwa wasu birane, kuma a 2024 kamfanin zuba jari na Verod Capital ya sayi kaso mafi rinjaye a cikinsa. Buƙata kuwa akwai ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowane baligi da ya riƙa motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, ta kuma ƙiyasta cewa a 2022 kashi 31 cikin ɗari na manyan mutanen duniya ba sa cika wannan ƙa'ida. A wani rahoto na 2022 hukumar ta ce cututtukan da rashin motsa jiki ke jawowa za su laƙume kusan dala biliyan 300 tsakanin 2020 da 2030. A 2017 kuma ƙungiyar likitocin Amurka ta American College of Physicians ta sa yoga cikin hanyoyin da akan fara gwadawa ga mai ciwon baya na dindindin kafin a kai ga ƙwayoyi.

Akwai kuma wata fa'ida ta musamman ga mai ƙaramin jari. Tun bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar Naira a 2023, injunan motsa jiki da ake shigowa da su daga waje, da janaretan da zai tayar da su, sun fi ƙarfin yawancin masu farawa. Ajin miƙe jiki da numfashi kuwa ba ya bukatar wuta. Daɓe mai tsabta da iska da tabarmi da ƙwararren malami sun wadatar.

Sai dai wajibi ne a san su wane ne masu saye. A ƙasar Hausa da maƙwabtanta an saba biyan kuɗi a kalli dambe da kokawa, musamman bayan kaka, amma biyan kuɗi don mutum ya yi gumi da kansa sabon abu ne. Manomi ko makiyayin Belel da ya yini a gona ko a daji ba ya bukatar wanda zai koya masa motsi. Masu bukatar su ne ma'aikatan ofis da na banki, da malaman makaranta, da 'yan kasuwar da ke yini a zaune a rumfa, da matan aure da ke cikin gida, da dattawan da likita ya umarta su riƙa motsawa saboda hawan jini ko ciwon suga. Mubi, mai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa da babbar kasuwar shanu, tana da irin waɗannan mutane da yawa. A Belel adadinsu bai kai haka ba, kuma kuɗin hannun jama'a yakan bi damina da kaka. Saboda haka abin da ya fi dacewa da irin wannan gari shi ne aron zaure ko ɗakin taro na 'yan sa'o'i a mako, har sai masu biyan kuɗin wata sun kai adadin da zai ɗauki haya, tare da sa watan azumi da lokacin shuka cikin lissafi tun farko.

Batun addini ma ba abin kau da kai ba ne, domin kasuwa ce ta Musulmi da Kirista masu kishin aƙidarsu. A watan Nuwamba na 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yin yogar da ta ƙunshi karance-karancen bautar addinin Hindu. A farkon 2009 majalisar malamai ta Indunusiya ta yanke irin wannan hukunci, amma ta bar ƙofa ga wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya kuwa a 2017 ta amince da yoga a matsayin wasan motsa jiki da ake ba wa lasisi, bayan fafutikar wata malama mai suna Nouf Marwaai. Abin da wannan ke nuna wa ɗan kasuwa shi ne ya tsaya ga miƙe gaɓɓai da numfashi, ya tuntuɓi malaman garinsa da masu unguwa kafin ya kafa allo, ya kuma raba ajin maza da na mata, mace ta koyar da mata. Wannan rabuwa kariya ce ga jarin kansa. Ƙararrakin cin zarafin mata sun taimaka wajen durƙusar da kamfanin Bikram Choudhury a 2017, haka nan irin waɗannan zarge-zarge sun ɓata sunan Pattabhi Jois bayan rasuwarsa a 2009. A ƙaramin gari magana ɗaya irin wannan ta isa ta rufe wuri har abada. Kazalika bai kamata mai wurin ya yi da'awar warkar da cuta ba, kuma mai ciwo na musamman ko mai juna biyu a nemi ya fara ganin likita.

Game da faɗaɗawa kuwa, tarihin YogaWorks ya nuna cewa reshe na biyu ba ya tsayawa da ƙafarsa sai an sami malamin da mutanen sabuwar unguwar suka sani, aka kuma ba shi kaso a cikin ribar don kada ya tashi da ɗalibansa. Bashin da aka ci don buɗe rassa da yawa a lokaci guda yana bukatar cikar ɗakuna kullum, wanda hakan da wuya ya samu.

Ɗaya daga cikin gidajen da YogaWorks ya saya shi ne Center for Yoga, wanda Ganga White ya kafa a Los Anjalas a 1967, ya kuma daɗe a unguwar Larchmont. An rufe shi tare da sauran rassan a 2020. A 2021 wasu mazauna unguwar da tsofaffin ɗalibai da malamansa suka haɗa kuɗi, suka sake karɓar hayar ginin, suka buɗe shi da tsohon sunansa.